Hanya, Kasuwa da Mulki: Tarihin Tattalin Arzikin Jega, Aliero da Maiyama daga Zamanin Fatake zuwa Zamanin Albasa

Gabatarwa



Duk wanda ya taso daga Sakkwato cikin mota ya nufi Yawuri, bayan ya wuce Tambuwal zai shiga Aliero, daga nan ya faɗa Jega, ya ƙetare gulbin Zamfara, sa'an nan ya iske Maiyama kafin ya kai Koko. Garuruwan nan uku a kan igiya guda suke, watau babbar hanyar da ta taso tun daga Ikko ta bi ta Badun da Ilori da Jabba da Kwantagora har zuwa iyakar Nijar a Illela. In tafiyar ta faɗo cikin watan Maris ko Afrilu, matafiyi ba ya bukatar a gaya masa abin da mutanen wannan yanki suke nomawa, gama buhunan albasa da ke jibge a bakin titi da manyan motocin da ke jiran lodi sun ishe shi bayani.

A 'yan shekarun nan malamai da ɗalibai na sassan tattalin arzikin noma, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, sun yi rubuce-rubuce da dama a kan noman albasa a wannan yanki. Yawancinsu hanya guda suke bi. A raba wa manoma takardun tambayoyi, a lissafa kuɗin iri da taki da man fetur da ƙwadago, a cire daga kuɗin da aka sayar da amfani, sa'an nan a ce noman albasa yana da riba. Ban musa wannan ba. Amma fa akwai tambayar da irin wannan lissafi ba ya amsawa: in sana'ar tana da riba haka, me ya sa manomin da ya shekara ashirin yana yinta har yau yakan nemi bashi lokacin dashe, kuma ya sayar da albasarsa a watan da ta fi kowane wata araha? Abin da nake so in kawo gaban wannan taro shi ne, amsar tana cikin tarihi. Tun daga kafuwar Jega kimanin shekara 200 da suka wuce, abu biyu ne suke yanke hukuncin wanda zai ci moriyar wannan yanki: wanda yake da ikon buɗe hanya ko rufe ta, da wanda yake da halin riƙe kaya ya jira.

Kafuwar Jega da yaƙin Kabi

Jega ba tsohon birni ba ne irin Birnin Kabi ko Surame. Asalinta yana haɗe da sunan Malam Abdussalami, Ba'are, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo waɗanda ba Fulani ba. Shi ne ya zauna da jama'arsa a Gimbana, nan ƙasar Jega ta yau, kuma harin da rundunar Gobir ta kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu cikin Fabrairun 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana ganin rabon da aka ba shi na ƙasa bai kai gwargwadon wahalar da ya sha ba. Aka yi yaƙi a Kware, ya sami rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Ragowar jama'arsa suka taru a Kalambaina, har sojojin Sakkwato da na Gwandu suka haɗu suka ci garin wajen 1820 zuwa 1821. Bayan wannan ne ɗansa Buhari ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka yardar masa ya kafa gari a bakin gulbi. Garin nan shi ne Jega, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega. (Kada a gama wannan Buhari da Muhammadu Buhari ɗan Shehu na Tambuwal, ɗalibai sukan gauraya su.)

Watau dai Jega sulhu ne ya haife ta. Gwandu tana bukatar ta kwantar da jama'ar da ta taɓa yin tawaye, tana kuma bukatar amintaccen gari a kudu da ita. To, amma sulhu kaɗai ba ya mai da gari kasuwa. Abin da ya ɗaga Jega shi ne halin da maƙwabtanta suka shiga.

Kafin jihadi, hanyar fatake daga ƙasar Hausa zuwa yamma ta kwarin gulbin Kabi take bi, Birnin Kabi kuwa shi ne babban zangonta. Masu jihadi suka ci birnin a 1805. Kabawa suka koma Argungu daga baya, ba su kuma taɓa miƙa wuya gaba ɗaya ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da tutar tawaye, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka goya masa baya, aka shiga yaƙin da ya kai har zuwan Turawa, ban da 'yan shekarun nan na Lafiyar Toga da aka yi zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, ya kuma sake bi ta nan a 1854, ya bayyana yadda tsoron harin Kabawa ya hana mutanen babban birnin sakat. Madugu kuwa ba ya kai ayarinsa inda ake harbi. Sai hanya ta karkato kudu, ta kwarin gulbin Zamfara, wanda a ƙarshensa ake kira gulbin Gindi, inda Jega take zaune.

Wurin ya dace ta fuska uku. Ayarin goro da ya taso daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja yana iya bi ta Gummi ya sauka Jega, ya yi guzuri, ya ƙara jakuna, kafin ya ƙetare Kwara ya shiga ƙasar Bargu ya nufi Salga. Gishirin Foga, wanda ake dafawa a kwarin Foga cikin ƙasar Dandi, ta nan yake shigowa cikin daula. Sa'an nan in ruwa ya cika, jiragen kwale-kwale sukan hauro daga Kwara, su ɗauko kayan Nufe. Paul Lovejoy ya yi bayanin hanyoyin goro cikin littafinsa na 1980, da na gishiri cikin na 1986, Mahdi Adamu kuwa, ɗan ƙasar Yawuri, ya nuna yadda zangon Hausawa suka yaɗu a kan wannan hanya cikin littafinsa na 1978. Ya zuwa lokacin da Joseph Thomson ya ratsa ta Jega a 1885 yana neman yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Turawan Ingila, da lokacin da William Wallace ya biyo baya a 1894, garin ya riga ya zama kasuwar da ta fi kowace girma a wannan sashe na daula. Ana sayar da tufafin Kano da na Nufe, da goro, da gishiri, da kanwa, da dawaki da shanu, da ƙiraga. Ana kuma sayar da bayi. Wannan na ƙarshe ba ma yawan son ambatonsa a tarukanmu, amma duk lissafin dukiyar Jega ta ƙarni na 19 da ya tsallake shi gurgu ne.

Fatoma da dillali

Ya kamata mu ɗan tsaya cikin kasuwar kanta, domin tsarin da aka gina a can shi ne ya fi kayan da aka sayar daɗewa.

Falke baƙo ne. Ya zo da huhun goro wanda ba ya jure zafi, bai san mai gaskiya ba, bai san mai cuta ba, kuɗin da ake ciniki da su kuwa wuri ne, wanda keso guda na zambar 20 kayan mutum ɗaya ne. Saboda haka sai ya sauka gidan fatoma. Fatoma ya ba shi masauki da abinci da wurin ajiya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. Dillali ya karɓi la'ada. Sarki ya karɓi nasa rabo ta hannun sarakunan kasuwa da masu fito a mashigin gulbi, shi kuma ya tsare hanya ya yanke shari'a. A cikin wannan tsari wanda ya kawo kaya daga nesa shi ne mai gaggawa, wanda yake zaune da ɗakin ajiya da masaniyar farashi shi ne mai haƙuri, ciniki kuwa koyaushe yakan karkata wajen mai haƙuri.

Abner Cohen ya sami wannan tsari a raye a unguwar Sabo ta Badun, ya rubuta shi a 1969, inda masu gidajen sauke baƙi suke riƙe da cinikin shanu da goro ba tare da takarda ko kotu ba, sai amana da tsoron zubewar suna. Christopher Udry, wanda ya bi sawun basussuka a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya a 1988 da 1989, ya gano cewa bashin ƙauye ba shi da jingina ko rubutu, kuma abin da ake biya yakan ragu ko ya ƙaru gwargwadon abin da ya sami mai ba da bashi ko mai karɓa. Masana tattalin arziki na yau suna kiran wannan maganin ƙarancin labari da rashin tabbas. Kakanninmu ba su ba shi suna ba, sun dai yi aiki da shi. Abin lura a nan shi ne, dillali ba ƙaya ba ne da za a cire a huta, kamar yadda wasu takardun bincike suke ba da shawara a shafinsu na ƙarshe. Aiki yake yi wanda babu mai yinsa in ba shi ba. Tambayar da ta dace ita ce nawa yake ci a kan aikin, kuma ko manomi yana da wata ƙofa in ya ƙi tasa.

Zuwan Turawa da karkatar hanya

Cikin shekara kamar 40 duk ginshiƙan da Jega ta tsaya a kansu suka motsa. Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Gwanja ya karye, Salga kuma ta watse a yaƙin basasa na 1892. Goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga baya ma Yarabawa suka shuka irin goron da Hausawa suke so a ƙasarsu. Yarjejeniyar iyaka tsakanin Ingila da Faransa ta 1898, da gyare-gyarenta na 1904 da 1906, ta bar kwarin Foga a hannun Faransa, gishirin Turawa kuma ya shigo ta Kwara. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta haramta cinikin bayi, ko da yake bautar kanta ba a soke ta ɗungum ba sai 1936. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri, aka matsa wa jama'a su biya haraji da sule da kwabo. Lugga ya ɗora wa ayari kuɗin hanya, aka soke a 1907. Yaƙin Gwandu da Argungu, wanda shi ne ya koro fatake zuwa Jega tun farko, ya ƙare, bayan rikicin Satiru na 1906 kuma hedkwatar masarauta ta koma Birnin Kabi.

Mafi nauyi duka shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya nan. Bai zo Sakkwato ba, bai zo Jega ba, har yau kuwa bai zo ba. Gyaɗa da auduga, waɗanda su ne gwamnatin mulkin mallaka ta damu da su, suka ja dukiyar Lardin Sakkwato zuwa gabas. A 2019 Okoye da Pongou da Yokossi suka buga wani bincike da ya auna tasirin dogon zamanin Turawa a Nijeriya, suka sami cewa a Arewa garuruwan da dogo ya ratsa sun tsere wa waɗanda bai ratsa ba, kuma ratar ba ta rufe ba ko bayan da jirgin ya lalace, alhali a Kudu, inda tashoshin ruwa suke kusa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Jega tana cikin waɗanda aka bari a ɗaya gefen wannan ma'auni. Kasuwarta ba ta mutu ba, kamfanonin Turawa ma sun buɗe kantuna suna sayen fatu da ƙiraga, amma ta sauka daga zangon Afirka ta Yamma ta koma kasuwar lardi.

Abin da yankin ya koma fitarwa shi ne ƙarfin 'ya'yansa. Haraji na kuɗi ne, amfanin da ke kawo kuɗi kuwa yana nesa, sai samari suka riƙa tafiya cin rani. Mansell Prothero ya ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953 ya sami fiye da mutum 250,000, da yawansu suna bin hanyar Yawuri zuwa ƙasar Yarabawa da Gwalkwas. Ken Swindell ya nuna a 1984 cewa wannan tafiya ta samo tushe ne daga tsohon fatauci. Ina ganin wannan magana tana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya, gama ɗan cin ranin da ya san kasuwannin Badun da Ikko da Kumasi, ya san masu masauki a can, shi ne ya zama ɗan kasuwar albasa sa'ad da mota ta samu.

Mota, injin ban ruwa da albasa

Albasa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu. Barth ya yaba albasar da ya ci a birnin Gwandu tun 1853. Ana nomanta a fadama da jigo da ƙwarya, ana daka lawashinta a yi gabu a shanya domin miyar rani. Abin da ya hana ta zama babbar haja shi ne nauyi da saurin ruɓa: jaki ba ya kai ta Ikko. Da aka gyara hanyar mota ta Kwantagora da Yawuri, biranen Kudu kuma suka cika da mutane, musamman bayan kuɗin man fetur na shekarun 1970, sai tsohuwar hanyar fatake ta dawo da rai, illa dai yanzu kudu ta miƙe sak maimakon yamma. Aliero, wadda a ƙarni na 19 take ƙarƙashin inuwar Jega da Gwandu, ta zama sunan da ake kira in an ambaci albasa a Nijeriya, kamar yadda ake kiran Galmi a Nijar. Ƙauyukan Maiyama da na bakin gulbin Gindi suka shiga da albasa da tattasai da barkono da shinkafar rani.

Akwai abu guda da ban ga an ba shi haƙƙinsa cikin rubuce-rubuce ba. Daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa 1986 hukumomin sayen amfanin gona na gwamnati ne suke yanka farashin gyaɗa da auduga, suna riƙe rarar da ke tsakanin farashin manomi da na kasuwar duniya. Albasa ba ta taɓa shiga hannunsu ba. Babu wakilin saye mai lasisi, babu farashin gwamnati. Saboda haka cinikinta ya girma ne a kan tsohon tsarin fatoma da dillali, ya gaji alherinsa, ya gaji aibinsa. Inda hannun gwamnati ya taɓa ta da amfani shi ne wajen ruwa. Shirin raya aikin gona na Jihar Sakkwato da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1980, da shirin Fadama na farko a shekarun 1990, su ne suka yaɗa rijiyar burtsatse mara zurfi da ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur. Jihar Kabi, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, tana cikin jihohin da suka shiga Fadama na biyu a 2004. Injin nan ya yi abin da manyan madatsun ruwa irin na Bakolori ba su yi ba, domin manomi ne mai shi, shi yake tayar da shi sa'ad da ya ga dama. Amma ya ɗaure manomi da farashin fetur, abin da kowa ya gani da idonsa bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023.

Tsakanin girbi da tsada

Yanzu mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Albasar rani tana fitowa gaba ɗaya tsakanin Fabrairu da Afrilu, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Daga damina ya fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen Oktoba zuwa Disamba, inda buhu yakan ninka kuɗinsa na kaka sau da yawa. Tsadar ƙarshen 2020 ba a manta da ita ba tukuna. Ribar albasa ta gaske tana cikin watannin nan da ke tsakani. Mai son cin ta sai ya zuba albasarsa a rudu, watau rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa ƙasa domin iska ta ratsa, ya jure asarar abin da zai ruɓe ko ya tsiro ko ya motse, ya kuma kasance ba wanda yake bin sa bashi. Manomin da ya karɓi kuɗin taki da mai daga hannun ɗan kasuwa lokacin dashe ba shi da wannan zaɓi. Ranar da ya cire albasa, ranar ce mai kuɗi yake tsaye a bakin gona.

Binciken da ake yi yanzu a fagen tattalin arziki na aikace ya taɓo wannan matsala ta fuskoki da dama, ko da yake ba a yankinmu aka yi shi ba. Jenny Aker ta auna abin da wayar hannu ta yi wa kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta sami cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wannan ya nuna labari yana da daraja, amma waɗanda suka fi cin moriyarsa 'yan kasuwa ne. Manomin Aliero yana iya sanin farashin kasuwar Mil 12 ta Ikko da safe, sanin bai biya masa bashi ba. Burke da Bergquist da Miguel suka gwada wata dabara a yammacin Kenya, suka buga a 2019: a ba manomin masara rance lokacin girbi, ba lokacin shuka ba, domin ya riƙe amfaninsa. Waɗanda suka karɓa suka sami ribar kimanin kashi 29 cikin 100 a kan rancen. Sai dai inda aka ba mutane da yawa rancen a wuri guda, farashin kaka ya ɗaga, na bazara ya sauko, ribar mai ajiya ta ragu, moriyar ta bazu ga maƙwabtansa da ba su karɓi kome ba. A wani binciken na 2020, Bergquist da Dinerstein suka rage wa 'yan kasuwar masara na Kenya kuɗin da suke kashewa, suka ga kashi 22 cikin 100 kaɗai na ragin ya isa ga mai saye, alamar cewa bakinsu ɗaya ne. Masara ba albasa ba ce, tana jure ajiya fiye da ita nesa ba kusa ba, don haka ba za a kwafo waɗannan alƙaluma a liƙa wa Aliero ba. Amma tambayoyin nasu su ne namu.

Sai mu gwada wannan da abin da gwamnati ta yi. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a nan Jihar Kabi, aka fara da shinkafa da alkama. Noman shinkafar rani ya bunƙasa a Jega da Maiyama da sauran fadamun jihar, aka yi haɗin gwiwar shinkafa da Jihar Legas a 2016, aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 domin kare ta. Kuɗin da aka fitar a duk ƙasa ya haura naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Banki ya ce kashi 52 ne, kafin ƙarshen shekarar kuma sabbin shugabannin bankin suka janye daga irin waɗannan shirye-shirye. Ko wane adadi mutum ya ɗauka, rancen na shuka ne, ana biyansa da amfani lokacin girbi. Watau ya ƙara yawan abin da ake zubawa kasuwa a watan araha, bai ƙara wa manomi ko mako guda na jira ba.

Hanya kuwa har yanzu siyasa ce take buɗe ta, ita take rufe ta. Bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021, ƙungiyoyin masu safarar abinci da dabbobi suka tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Farashi ya tashi a Ikko, ya faɗi a Arewa, kuma abin ya zo daidai da fitowar albasar rani, don haka mai kayan da ba ya ajiyuwa shi ya fara jin zafin matakin da aka ɗauka da sunansa. Cikin Yunin shekarar ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta sake dakatar da kai kaya saboda motocin da aka wawashe. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Madugun 1860 da ya sami labarin mahayan Argungu sun tare hanya, da direban 2021 da ya kwana a tasha da lodin albasa yana jiran a ce a wuce, lissafi guda suke yi a zuci: kwana nawa kayan za su kai kafin su lalace.

Abin da muke da ƙarancinsa a wannan fage shi ne dogon lissafi. Takardar tambayoyi ta kaka ɗaya ba ta iya nuna wanda ya ci ribar watan Nuwamba, domin ɗalibin da ya raba ta ya riga ya koma makaranta tun Mayu. Ana bukatar a bi buhu guda tun daga fangalin da aka cire shi a Sabiyal ko Mungadi har zuwa hannun mai sayarwa a Badun, a rubuta abin da aka biya a kowane mataki: la'adar dillali, kuɗin lodi, kuɗin mota, kuɗin ƙaramar hukuma, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya. Ana bukatar a auna asarar rudu wata bayan wata, da ma'auni, ba da ƙiyasin baki ba. Rahotannin shekara-shekara na Lardin Sakkwato da takardun kimanta harajin gundumomin Gwandu suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, suna jiran mai haɗa su da abin da dattawan kasuwa suka riƙe a ka. Daɗin daɗawa, manyan dillalan albasa da yawa suna da littattafan da suke rubuta sunan mai kaya da yawan buhu da farashin rana, wasu da boko wasu da ajami. In aka sami amincewarsu aka kwafi na shekara 20 ko 30, za a iya sanin ko ratar da ke tsakanin farashin Maris da na Nuwamba ta ragu tun zuwan wayar hannu, da kuma ko manoman da suka kafa rudu nasu na kansu sun daina karɓar kuɗin dashe daga hannun 'yan kasuwa.